Shekara Shida a Maleshiya da Bashin Gaisuwar da Na Tarar a Gida

Ranar da muka sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano cikin watan Yulin 2023, akwai naira dubu biyar a jakar fasfo ɗina, 'yan dubu-dubu guda biyar da na ninke tun Satumbar 2017 da zan tafi. Lissafina a lokacin shi ne in na dawo su kai ni gida a tasi, har in sayi ruwa a hanya. Da Yaya ya ratse gidan mai a hanyarmu ta zuwa gida, sai na zaro su da ƙarfin gwiwata na ce a zuba. Ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya ce, "Dakta, mai da abinka aljihu, ka ajiye na tarihi." A naira 145 na bar lita. Ranar kuwa ta haura 500, don ba a cika wata biyu da cire tallafi ba. Su kansu kuɗin tsofaffi ne, an sake musu fasali a ƙarshen 2022, hukuncin Kotun Ƙoli ne ya sa har lokacin ake karɓarsu. Na mayar da su inda suka fito.

Digiri na biyu da na uku suka kai ni wata jami'a a jihar Selangor, muna zaune a Kajang, garin da ya yi suna wajen satay, wato tsirensu da ake ci da miyar gyaɗa. Maiɗakina ta biyo ni a 2018, kuma can aka haifa mana yara biyu. Duk tsawon shekarun nan ban leƙo gida ko sau ɗaya ba. Na shirya zuwa a 2020, korona ta rufe hanya. Da hanya ta buɗe kuma kuɗin tikitin mutum huɗu ya fi ƙarfina.

Barin Maleshiya aiki ne mai zaman kansa, kuma wanda bai fara da wuri ba yana tare da wahala. Bayan na kare kundina na yi gyare-gyare, sai da na jira majalisar jami'a ta amince, sannan na zagaya da takardar sallama daga ɗakin karatu zuwa ofishin kuɗi zuwa sashenmu, kowa ya buga hatimi cewa ba ya bi na komai. Daga nan sai soke bizar ɗalibta. Ba a fita haka kawai don an gama karatu. Za ka kai fasfo ɗinka da tikitin da ka riga ka saya ofishin ɗaliban ƙasashen waje, su kai wa hukumar shige da fice, a rage wa'adin bizar, a sa maka ranar da dole ka bar ƙasar. Bizar iyalina a rataye take da tawa, don haka fasfo huɗu na miƙa a tare. Yaran, ko da yake can aka haife su, ba 'yan ƙasa ba ne. Takardar haihuwa kawai Maleshiya ta ba su, fasfo kuwa sai da muka je ofishin jakadancin Najeriya da ke Kuala Lumpur. Wani da ya riga ni dawowa ya ba ni shawara biyu da har gobe nake gode masa: in sa tazarar makonni tsakanin miƙa fasfo da ranar tashi, sannan in kai takardun karatuna ma'aikatar harkokin waje da ke Putrajaya a tantance su tun ina can, domin in na dawo aka nemi wannan hatimin, babu mai yi min zirga-zirgarsa.

Kayan ɗaki ba su ba mu wuya ba. A zauren WhatsApp na ɗaliban Najeriya muka tallata su, cikin mako guda firij da gado da 'yar motata ƙirar Myvi suka sami masu su. Shi firij ɗin ni ne na uku da ya mallake shi a cikin Hausawan unguwar. Tukunyar tuwo da muciya da ragowar kuka da daddawa kyauta muka bai wa wata amarya da ta iso daga Katsina, ta karɓa kamar an ba ta gwal. Littattafai da kayan sanyi muka cusa a kwalaye muka bai wa masu dakon kaya ta jirgin ruwa, suka ce wata uku.

Tsaraba ce ta kusa haɗa mu faɗa. Maiɗakina ta buɗe littafi ta rubuta sunaye har sittin da bakwai, ni ina ta cewa a rage, ita tana cewa, "To wa za a cire? Faɗa min." Ban iya cire kowa ba. Muka yi yini biyu a layin Masjid India da ke Kuala Lumpur muna sayen mayafai da turare da zannuwan maza irin na Malayawa don dattawa. Kowannenmu jaka biyu mai kilo 23 aka yarje masa, kuma fiye da rabin jakunkunan na mutane ne. Muka biyo ta Addis Ababa.

Makon farko ban san inda kaina yake ba. Awa bakwai ce tsakanin Kano da can, saboda haka ƙarfe biyun dare idona biyu tarwai, la'asar na yi kuma barci ya danne ni, ga shi lokacin ne baƙi ke cika zaure. Akwai kawuna da ya taso tun daga Gaya, yana cikin ba ni labarin gonarsa na ji kaina ya bugi bango. Har yau yana tsokanata da shi. An dafa mana duk abin da muka yi shekaru muna mafarki: tuwon dawa da miyar kuka, dambu, fura da nonon da ba na gwangwani ba. Garin ma ya sauya min. Gadar Dangi da ta Hotoro duk bayan tafiyata aka yi su, kowace kwana ga mai POS a ƙarƙashin lema, har mai shayi yana cewa a yi masa taransifa. Ranar da na fara karɓar motar Yaya sai na buɗe ƙofar dama na zauna ina neman sitiyari, don a can hannun hagu ake bi. A shataletale kuma na kunna abin share gilashi a madadin sigina, wani ɗan sahu ya leƙo ya ce, "Alhaji, ruwa ake a cikin motar taka?"

Kwana goma ana Dakta-Dakta, daga nan baƙunta ta ƙare. Ido wa ka raina, in ji masu magana, wanda nake gani kullum. Ranar nan da hantsi Hajiya ta sa aka kira ni ɗakinta. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce in ɗauko takarda da biro.

"Rubuta," ta ce. "Gidan Malam na bakin masallaci, shi da matarsa, wata huɗu tsakani. Gidan Gwaggonka ta Fagge, mijinta. Gidan abokin Babanku mai sayar da fata, shi kansa. Surukan Yayarka a Wudil."

Haka ta yi ta jerowa, ba ta duba komai, sai da muka kai gida talatin da ɗaya. Waɗannan duk rasuwa ce da aka yi ba na nan. Na ce, "Hajiya, ai yawancinsu na yi musu gaisuwa ta waya." Ta ce, "Waya ta yi nata. Zumunta a ƙafa take. Su da aka yi mana rashi, da ƙafarsu suka zo."

A nan ne zan faɗi abin da nake ta kewayewa. Baba ya rasu a watan Afrilun 2020, cikin makonnin nan da aka yi ta rasa dattawa a Kano. Maleshiya ta kulle tun 18 ga Maris, Najeriya ma ta rufe filayen jiragenta ga jiragen waje a cikin watan. Yaya ya kira ni ana shirin fita da shi, ina jin salatin mutane ta bayansa, sai layin ya yanke. A can masallatai a rufe suke, ba mai zuwa gidan wani. Na yi zaman makokina a kan kujera a hawa na goma sha biyu, ina kallon titin da ba kowa a kai. Wani maƙwabcinmu ɗan Bangaladash ya ajiye mana shinkafa a bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa ya koma. Ɗan da aka haifa mana a ƙarshen shekarar shi ya ci sunan Baba, muke ce masa Abba.

Don haka zagayen gaisuwar ya zame min abu biyu a haɗe. Zan shiga gida in ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam," su amsa, sannan su juyo su ce, "Kai ma ya haƙurin Alhaji?" Su sun yi shekara uku da gama kukansu. Ni kuwa a kowane zaure sai a ɗauko min shi sabo fil: wannan ya tuna bashin da ya yafe masa, wancan ya tuna ranar da suka je Hajji tare, wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce muryata sak tasa. Gida biyu ko uku nake yi a rana bayan la'asar, da 'yar ledar tsaraba da ɗan abin sadaka a ambulan. Na fara ne don kada Hajiya ta yi fushi. Wajen gida na goma na lura ni ke tuna wa Yaya cewa yamma ta yi. Duk abin da ya faru a unguwa cikin shekara shida, wa ya auri wa, wa ya sayar da gida, wa ya tashi ya koma Abuja, a waɗannan zaurukan na ji shi, kuma ta nan ne mutane suka daina yi min kallon baƙo.

Da safe kuma ina fama da takardu. Layin wayata na da ya daɗe da mutuwa, kuma a ƙa'ida layin da aka bari ba amfani sake sayar da shi ake yi. Ga shi da wannan lambar aka yi min BVN. Asusun bankina da na fi amfani da shi a da an daskarar da shi saboda daɗewa ba a taɓa ba. Kafin a farfaɗo da shi sai na kawo NIN, sai na sauya lambar da ke jikin BVN, sai takardar shaidar inda nake zaune. Sabon layi ma ba a ba ka sai da NIN. Wanda ya tsara tafiyarsa daidai, NIN zai fara tabbatarwa, sannan layi, sannan banki. Ni na faro daga banki, shi ya sa na yi sawu huɗu. Wata rana don son sani na kira tsohuwar lambar tawa. Wata mata ta ɗauka, mai sayar da atamfa. Da na yi mata bayani sai ta ce, "Au, kai ne? Bawan Allah, na sha karɓar gaisuwarka. Mutane su kira suna Allah ya jiƙan Alhaji, in ce amin, don ban ga amfanin in ce musu ba nan ba ne." Ta yi min tata ta'aziyyar, na yi godiya.

A makarantar da nake koyarwa ba a ɓata lokaci ba. Na kai takardar dawowa bakin aiki, tunda akwai yarjejeniyar sai na yi wa makarantar aiki na wasu shekaru a madadin hutun karatun da aka ba ni. Teburina na tarar da wani a kai, yaron da na koyar a aji biyu. Yajin aikin wata takwas na 2022 ya hargitsa zangon karatu, ana ta ƙoƙarin cike giɓi, aka miƙo min kwas uku, ɗaya a ɗakin da ɗalibai suke zaune har kan taga.

Akwai wata cuta da na dawo da ita ban sani ba, ita ce "a Maleshiya". Aka ɗauke wuta, in ce a Maleshiya shekara shida ban ga an ɗauke ba sai sau biyu. Muka shiga layin mai, in ce a Maleshiya. Aka sa taro ƙarfe goma aka fara sha biyu, a Maleshiya. Wata rana a majalisarmu ta ƙofar gida wani abokina tun na firamare ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Malam, don Allah tunda aljannar tana nan ba ta tashi ba, me ya dawo da kai?" Aka fashe da dariya, ni ma na yi, amma ta shige ni. Da na kwanta na yi wa kaina hisabi, sai na ga rabin labari nake bayarwa. Ban taɓa gaya musu gidaje nawa na kira neman haya aka ce an kama da jin daga inda na fito ba. Ban gaya musu yadda nake fita da kwafin fasfo a aljihu ko shago zan je ba, saboda baƙar fata ba ya rasa mai tare shi. Ban gaya musu cewa tallafin karatuna ya ƙare saura shekara guda da rabi, da kuɗin dambun nama da alkakin da maiɗakina take yi wa ɗalibai muka riƙa biyan haya ba. Wutar lantarki da jirgin ƙasa mai zuwa kan lokaci gaskiya ne, kuma har yanzu ina ganin ba laifi ba ne mutum ya ce abin da ya gani ya fi. Amma wanda ya kwana a layin mai ba ya bukatar wanda ya sauka jiya ya yi masa bayanin wahalarsa.

Rashin faɗin wancan rabin ya jawo min wani abu. Kowa ya ɗauka da buhun dala na dawo. Ana sallama, sai a gaisa, sai a yi shiru, sai a ce dama kuɗin makarantar yara ne, dama maganin Inna ne. Kuma ba ƙarya suke ba. Na bar dala a wajen naira 360 a Wapa, kafin in cika wata takwas da dawowa ta haura 1,500. Da kwalayenmu suka iso Legas, ba a wata ukun da aka ce ba, sai da aka nemi ciko kafin a sako su Kano. Na koyi cewa "wallahi babu, amma ga wannan," na kuma koyi faɗin gaskiyar yadda muka rayu a can, ko da wasu ba su yarda ba.

Yaran sun fi mu saurin sajewa, ko da yake su suka fara jin jiki. A can sauron rana ake tsoro, mai kawo zazzaɓin dengi, har hukuma na zuwa feshin hayaƙi a unguwa. A nan muka sauka tsakiyar damina da yaran da jininsu bai taɓa sanin maleriya ba. Mako na uku dukansu biyu suka kwanta, Abba har da kwana biyu a asibiti. Laifina ne, na sayo mayafi sittin ban sayi gidan sauro ba. Ita kuwa babbar, mai shekara huɗu da rabi, ranar farko ta kama hannun Hajiya ta sumbata ta ɗora a goshinta, yadda yaran Malayawa ke gaida manya. Hajiya ta ce, "Ikon Allah, kishiyar tawa da salonta ta zo." In an ba ta abu sai ta ce "terima kasih", wato na gode, yaran gida su yi ta maimaitawa suna dariya. Ta yi kwana biyu tana kuka wai a mai da ita gida, ta kuwa daki zuciyata, don Kajang take nufi. Kafin sanyi ya shigo ta iya durƙuso, ta iya "ina wuni", ta iya zagin da ban san inda ta samo ba. Hunturun farko da ta ga leɓenta ya fashe, ga hazo ya rufe gari, ta tambaye ni wa ya ƙona daji, don a saninta hazo hayaƙin gobarar daji ne da iska ke kawowa daga Indunusiya.

Tsakanina da maiɗakina ne abin ya fi ɗaukar lokaci. A Kajang ba mu da kowa. Ni ke yi wa yara wanka in tana girki, tare muke zuwa kasuwar Chow Kit sayen naman akuya da kuɓewa, in saɓa yarinyar a wuya muna zaga kasuwar dare. A nan ranar da na ɗauki yarinyar a cinya a gaban mutane, wata gwaggona ta ce, "Oh, 'yar fari ce fa. Zamani!" Ban sake ba. Sannu a hankali na koma zaman waje kamar kowane magidanci, daga aiki sai gaisuwa, daga gaisuwa sai majalisa, sai goman dare in shigo. Ita kuma biki da suna da 'yan'uwa suka ɗauke ta, ta yi ƙiba, tana dariya fiye da da. Na ɗauka komai lafiya. Wani dare ina cin abinci ta ce, "Abban yara, can ba ni da kowa sai kai. Nan kuma ina da kowa, kai ne babu." Ban ba ta amsa ba a daren. Abin da muka iya yi bai taka kara ya karya ba: daren Juma'a ba na fita, ni ke soya shinkafa irin ta can, a rufe ƙofa, a ci a ƙasa mu huɗu. Wani makon a samu, wani makon a yi baƙi.

Wajen ƙarshen Satumba na kai wa Hajiya takardar nan, na nuna mata duk na soke gida talatin da ɗaya. Ta karɓa ta juya ta, ko da yake ba ta karatun boko, ta ce, "Saura ɗaya." Na san inda take nufi. Wata biyu ina cewa sai an ɗauke ruwa, sai na huta, sai Yaya ya samu sarari.

Ranar Asabar da sassafe muka tafi, ni da Yaya da Abba. Ciyawa ta rufe makabartar har gwiwa. Yaya ya tsaya wajen wata darbejiya ya ƙirga taku zuwa gabas, ya dawo, ya sake ƙirgawa. Ya ce da akwai ɗan ƙarfe da suka kafa, amma damina huɗu ta bi ta kai, kuma a watan da aka kawo Baba an yi ta kawo mutane, layin ya cika da sauri. A ƙarshe ya nuna da hannu ya ce, "Tsakanin wannan da wancan ne, ɗaya daga ciki." Muka tsuguna a tsakiya muka yi wa duka biyun addu'a, da sauran na kusa da su. Abba yana ta tsintar tsakuwa yana cika aljihu.

A bakin ƙofa akwai wani dattijo cikin masu haƙa, zaune a kan tabarma yana gyara ƙotar diga. Na laluba aljihu, ba kuɗi a jikina sai jakar fasfon da na ɗauko don zuwa banki. Na zaro dubu biyar ɗin nan na ba shi. Ya karɓa da hannu biyu, ya dubi Yaya, ya dube ni.

"Wannan ne na ƙasar wajen?"

Yaya ya ce shi ne.

"Allah sarki. Ni na haƙa na Alhaji." Ya ajiye digar ya gyara zama. "Ya haƙuri?"

Na ce, "Da godiya."